Jar Kazata Ba Baturiya Ba Ce

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Rigakafin Kajin Gida,
Birnin Katsina.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, ina yi maka barka da wannan kujera da ka samu tun da soja suka koma bariki. Allah ya sa a sauka lafiya.

Sunana Malama Rabi, ina zaune a Ƙofar Kwaya. Na koyar a firamare har na yi ritaya, yanzu kaji nake kiwo a bayan ɗaki. Sau biyu ina zuwa ofishinku ana ce mini ka fita taro, shi ya sa na biyo ta jarida, inda na san ko ba ka karanta ba za a karanta maka. Maganar 'yan tsaki huɗu ce ta kawo ni. Su kaɗai suka rage daga irin kajin da mahaifiyata ta bar mini, kuma na ji a rediyo za ku dawo zagaye na biyu na ɗigon rigakafi. Idan da idon da kuka zo da shi karon farko za ku dawo, waɗannan huɗun ma na rasa su.

Na ɗaya. Kun ce maganinku na kajin gida ne kawai, kajin Turawa kuwa na masu gidan gona ne, su ji da abinsu. Madalla. To wa ya kawo jinin Turawa bayan ɗakunanmu? A zamanin soja aka shigo unguwarmu da mota, aka ce kowace mace ta miƙo zakaranta a musanya mata da jan zakaran gidan gona, wai za a inganta iri. Lokacin ba a tambayar dalili, muka miƙa. Jajayen zakarun nan ba su san shaho ba, ba su iya tono ba, sai su tsaya tsakar rana baki buɗe suna haki. Ko bazara biyu ba su gani ba. Amma kafin su mutu sun bar baya, tun daga nan kajin unguwarmu suka zama ruwa biyu. Wasu cikin waɗanda suka sauke mana zakarun daga mota na gan su da idona a ofishinku, hula kawai suka canja. Su suka gauraya mana iri, yau kuma su ne ke yatsina fuska wai kajinmu ba su da asali.

Na biyu, jami'in da kuka turo. Ban san sunansa ba. Matan unguwa Mai Kalanda suke ce masa, saboda wata babbar takarda mai hotunan kaji da ya rataya a ƙofar zauren mai unguwa, inda aka ce kowa ya kai nasa. Kajin da ke jikin takardar duk na ƙasashen sanyi ne, kowace da sunanta da Turanci. Babu shazumama mai tsayayyen gashi, babu durgu mai gajerun ƙafafu, babu wake-wake mai ɗigo-ɗigo. Aikinsa ya toshe hanci da hankici, ya kalli kaza daga nesa, ya kalli takarda. In akwai ja a jikinta, ko a wuya ne ko a fiffike, ta Turawa ce, a matsa. In baƙa ce, ta gida ce, a ɗiga mata a ido. Ilimin ke nan gaba ɗayansa. 'Yan aji ɗaya da na koyar ma sun san ja da baƙi, kuma ba a ba su babur ba.

Kaji goma sha biyu na kai. Guda ɗaya tak ya yarda 'yar ƙasa ce, wata baƙa. Ranka ya daɗe, wannan baƙar ita kaɗai ce ta Turawa tsantsa a gidana. Daga gidan gona na sayo ta bayan ta tsufa sun fitar da ita, ga bakinta nan a yanke yadda suke yanke wa nasu. Ya kama wannan yankakken bakin da hannunsa ya ɗiga mata magani, har da gyaɗa kai.

Na uku, kuma nan ne na tabbata ba a san aikin ba. Akwai kazar da muke kira Jar Inna. Jikanyar jikanyar kazar da mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta ba ni ce ranar da na fara koyarwa. Jan gashin ta gado daga zakarunku, amma halinta duk na gida ne. Yawancin ruwa biyun nan sun daina kwanci, su saki ƙwai su yi tafiyarsu. Ita kuwa tana kwanci, har matan unguwa ke kawo nasu ƙwan a sa mata. Ranar tana kan ƙwai goma sha ɗaya, bakwai nata, huɗu na zabi da na saya wurin Inna Dije mai kawo mana nono. Kowa ya san zabuwa ba ta iya reno, kaza ake sa wa. Na roƙi jami'inku ya tako gida, tsakaninmu da zauren gida uku ne, ya ce shi ba ɗan aike ba ne. Dole na ɗauko ta a kwando, ita da ƙwanta.

Na ce masa ya duba, kazar Turawa ba ta kwanci. Sai ya zura hannu ƙarƙashinta, ta sare shi, ya zaro ƙwai ɗaya na zabi. Ya ɗaga shi sama yana jujjuyawa, ya ce wa jama'a ga hujja nan, kazar gida ba ta yin ƙwai mai tsini da ƙwarin ɓawo irin wannan, lallai wani iri ne daga waje. Mai unguwa, dattijo mai kunya, ya sunkuya ya ce masa a hankali, "Yallaɓai, wanga hwa ƙwan zabi ne." Jami'in ya amsa masa da cewa a bar wa masu karatun abin aikinsu. Tsofaffin da ke layi suka rufe baki da mayafi. Ni ban yi dariya ba, kunya ce ta kama ni, don wata malama irina ce ta koya masa baƙi.

Tunda takardarku ba ta faɗa ba, bari in koyar, aikina ne. Ba a gane asalin kaza da launi, uwa ɗaya kan ƙyanƙyashe ja da baƙi da fari rana ɗaya. Ana watsa mata tsaki a ga ko za ta tona ƙasa ko za ta tsaya jiran kwano. Ana duba inda take kwana, a ƙasa ko ta haye katanga. Ana lura da ita in inuwar shaho ta gifta, ko za ta yi kuka ta tara 'ya'ya. Sannan a tambayi mai ita, don kowace mace a unguwar nan za ta lissafa maka uwar kazarta da kakarta. Mu ruwa biyu muke da su, wata ta fi ɗaukar nan, wata ta fi ɗaukar can, kuma dukansu a bayan ɗakin talaka suke kwana.

Na huɗu. Bayan kwana goma ciwon kaji ya shigo unguwa. Kaza ta yi tsuru, ta saki fiffike, wuya ya murɗe, gobe a fitar da ita. Goma sha ɗayan da aka hana wa magani duk suka tafi cikin kwana shida. Baƙar da aka ɗiga wa tana nan tana cin dusa. Jar Inna ce ta ƙarshe. Ba ta tashi daga kan ƙwan ba, a kansu na same ta bayan azahar, saura kwana uku su fashe. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Na zaga Ƙofar Kwaya gida-gida ina neman kaza mai kwanci, ban samu ko ɗaya ba. Sai na naɗe ƙwan a tsumma na sa a ƙirjina, na fita ta Ƙofar 'Yandaka da ƙafa har rugar su Inna Dije. Ta san daga gidan ciwo na ɗauko su, ga nata kajin cike da fili, amma ta ce, "Kawo, Malama, Allah shi ke tsarewa." Ta goge su da toka ta sa wa kazarta a wata bukka can gefe. Matar da ba ta taɓa shiga aji ba ke nan. Huɗu cikin na Jar Inna suka ƙyanƙyashe, sauran, har da na zabin, suka lalace.

Ga abin da nake nema.

A sauke kalandar nan. In ana ƙyashin jefar da ita, a rataya ta a ofis, ta yi kyau a bango.

A ɗiga wa duk kazar da ke kwana a gidan mutane, ba tare da an tambayi launinta ba. Ciwon bai tambaya ba.

A bi gida-gida, a daina sa mata ɗaukar kaza mai kwanci zuwa zaure. Lokacin neman ƙuri'a an san ƙofar kowa, har ɗakin kaji an leƙa.

Jami'in nan kuma ban ce a kore shi ba, yana da iyali. A tura shi rugar Inna Dije ya yi mako guda, ya riƙe mata ƙwarya yana kallo.

Na ƙarshe, 'yan tsakina. Suna can wurin kazar da ta ƙyanƙyashe su, gashi ya fara fito musu, kuma gara in gaya maka tun yanzu, jajaye ne su huɗun. Ranar zagayenku zan ɗauko su, ɗigo huɗu nake nema. In har dokar kwamitinku ta ce ba su cancanta ba, kada a sake turo mini mai hankici ya faɗa da baki. Ka rubuta da hannunka, ka sa sunanka a ƙasa, in sun mutu in san wanda zan ambata.

Allah ya ba ka ikon riƙe amanar da aka ɗora maka, ya haɗa ka da ma'aikatan da suka san aikinsu, ya tsare maka abin da ka gada daga iyayenka.

Wassalam.

Malama Rabi,
Ƙofar Kwaya, Katsina.