Jajayen Baba da Baƙaƙena

Litinin, 3 ga Maris

Wata jar saniya ta haihu da safe, mace. Baba ya durƙusa yana goge 'yar da tattaka, yana yi mata surutu kamar jikarsa. Ni ban tsaya ba, na wuce rumfar turke wajen baƙaƙen shanuna biyar.

Wata mai kamawa za su tafi mayanka. Shekara uku ke nan tun da na sa likitan dabbobi ya ɗura wa jajayenmu biyar irin baƙin bijimi, ba da son Baba ba. Naman ja tsoka ce zalla, masu saye kuwa kitsen da ya ratsa tsoka suke nema. Idan aka yanka aka ga kitsen, na yi gaskiya. Idan ba a gani ba, ban san da wane ido zan kalli mutanen ƙauyen nan ba.

Na kasa zama wuri ɗaya.

Alhamis, 6 ga Maris

Ƙanƙara ta sake zuba. Na hau da su sikeli. Nauyi ba matsala, sun kamo jajaye sa'anninsu, biyu ma sun wuce. Abin da ke ƙarƙashin fata ne sikeli ba ya faɗa.

Baba ya tsaya a bakin rumfa, bai taɓa shiga ba tun da aka haife su. Ya ce, "Sayoko, baƙin naki sun ƙoshi?"

Na ce, "Baba, jajayen nan naka ma ai ruwa biyu ne. Irin shanun da ake kira Shothon aka kawo daga ƙetare zamanin kakanni, aka haɗa da shanunmu na dako."

Ya ce, "Waɗancan an haɗa su don su hau dutse. Naki an haɗa su don su kwanta." Ya juya yana jan ƙafa.

Amsar ta zo mini bayan ya yi nisa. Kullum haka.

Laraba, 12 ga Maris

Kawu Genzo ya zo, shi da ke kula da makiyayar ƙauye a kan dutse. Ya sha shayi, ya cinye rabin tsamin kabejin da na ajiye, sannan ya shigo da maganar. Gida huɗu suka rage masu tura shanu sama. In shanun ba su kai talatin ba bana, ƙungiyar makiyaya ba za ta ba da jan bijimi ba, makiyayar kuma a rufe ta. Namu goma sha biyu ne.

Wadda ta hau dutse, ja za ta haifa. Wadda na tsare a gida, baƙi. Ba a raba saniya biyu.

Ya kira ni da sunan Baba, ya ce, "'Yar Toraji, shanu nawa za ki ba ni?"

Na ce sai na ga sakamako.

"Sakamako! Shanu ma yanzu jarrabawa suke zaunawa?" Ya yi ta dariya shi kaɗai. Baba yana gefe yana gyaran igiya, ko ɗago kai bai yi ba.

Laraba, 19 ga Maris

Na ƙara wa baƙaƙen hatsi. Kaɗan dai.

Talata, 25 ga Maris

Da hantsi na tarar da babban cikin baƙaƙen a tsaye, ƙafafu a ware, gefen hagunsa ya kumbura kamar ganga, yana numfashi da baki. Hatsin ne. Na kira likita, ya ce yana wani ƙauye, in zura masa tiyo ta baki kafin ya iso. Ni kaɗai ba zan iya riƙe kan sa mai wannan girman ba.

Na yi ihu. Ban ma san "Baba" na kira ba sai da na gan shi a cikin rumfar, da silifas ɗin cikin gida. Ya naɗe igiya a ginshiƙi, ya kama hancin san, yana cewa, "Yi haƙuri, yaro, yi haƙuri." Na zura tiyon. Iska ta fito da warin da ba zan manta ba, cikin ya sace a hankali.

Da likita ya tafi, Baba ya shafa bayan san tun daga wuya har kuturi. Ya ce, "Faɗin bayan uwarsa ne." Bai ce komai a kan hatsin ba. Gara ma ya yi faɗa.

Gwiwarsa ta kumbura. Ya ce sanyi ne.

Talata, 8 ga Afrilu

Mota ta kwashe su da sassafe. Na wanke rumfar, na sake wankewa. Ba abin da ya rage da zan wanke.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Na je mayanka na shiga ɗakin sanyi. Mai tantancewa ya haska fitila a inda aka tsaga haƙarƙari, sai ga farin kitse ya yi rassa cikin jan nama. Huɗu sun haura matakin da jajayenmu ba su taɓa kaiwa ba, har da wanda ya yi kumburi. Ɗaya ya zo daidai da ja. Wani dillali ya bi ni har mota yana tambaya ko akwai wasu baɗi.

Na kira ƙanwata Tomoe a birnin Morioka. Ta yi ta ihu a waya, "Yaya, kin kayar da tsoho!" Na yi dariya. Da na kashe wayar sai na zauna a motar ban tayar ba, ban san me nake jira ba.

Asabar, 19 ga Afrilu

Na sayo yanki daga namanmu, na gasa da gishiri kawai. Baba ya tauna a hankali, ya ƙara wani, ya ajiye tsinken cin abinci.

Ya ce, "Yana da daɗi."

Na ce, "To."

Ya ce, "Mayar da su duka kan baƙin iri. Kar ki tura ko ɗaya dutse bana." Na ɗauka gatse ne, na dube shi. Ba gatse ba ne. Wai ƙafarsa ba za ta sake kai shi sama duba shanu ba, kuma ni ce zan ci gaba da gidan nan, ba shi ba. "Na tare miki hanya ya isa. Gobe ni zan faɗa wa Genzo, ba sai kin sha kunya ba."

Shekara uku ina shirya abin da zan ce ranar da ya sauko. Na tashi na kwashe kwanuka.

Litinin, 21 ga Afrilu

Na haɗu da Kawu Genzo a shagon ƙungiya. Ya rusuna, ya ce yana taya ni murna. Ba tsokana, ba "'yar Toraji." Sayoko ya ce, da ladabi, kamar wata ma'aikaciyar banki.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Shanun sun fara neman dutse. Iska na juyowa daga dutse sai su jeru a bakin shinge, hanci sama, suna kuka. Tsohuwar cikinsu ta ƙi taɓa harawa. Baba ya rufe tagar ɗakinsa, ya ƙure rediyo.

Na ɗauki waya in kira likita ya sa ranar ɗura iri. Na ajiye. Na sake ɗauka, sai na kira mai gyaran tarakta, alhali ba abin da ya sami taraktar.

Alhamis, 1 ga Mayu

Wani abu ya tsaya mini. Baƙaƙen nan nonon jajaye suka sha, shi ya sa suka yi ƙashi tun suna ƙanana. In duka suka haifi baƙaƙe, wa zai haifa mini jajayen uwaye? Nan da 'yan shekaru tsofaffin za su ƙare, kuma in an rufe dutse ba inda zan sayo wasu.

Na faɗa wa Tomoe. Ta ce, "Yaya, wannan lissafi ne ko kewa?"

Na ce lissafi ne.

Ta ce, "To, me ya sa kike yi mini tsawa?"

Juma'a, 9 ga Mayu

Na tuƙa zuwa sama, don in ga hanya kawai. Ƙanƙara ta karya shinge ta gefen rafi. Kawu Genzo yana can shi kaɗai da guduma, yana kafa turaku a makiyayar da aka ce za a rufe. Na riƙe masa guda, sai wani, sai wani. Ba mu yi maganar shanu ba. Ya ce riƙona kamar na mai tsoron ƙazanta.

Alhamis, 15 ga Mayu

Takwas sun hau da 'ya'yansu. Huɗu na tsare don baƙin iri, dillalin yana jira. Da namu aka cika talatin da ɗaya.

Na gaya wa Baba harawa ce ta yi tsada. Ya ce, "Haka ne, ta yi tsada." Ya shiga gaban mota ba wanda ya gayyace shi. A sama bai sauko ba, ya zuge gilashi kawai yana kallo. Da aka buɗe bayan mota tsohuwar ta fita da gudu, tana tsalle kamar maraƙi, sauran suka bi ta. Na juya baya na yi kamar ina ɗaure igiya.

Kawu Genzo ya ce duba shanu ranar Lahadi na gidanmu ne, wa zai zo? Na ce zan gani.

Da muka sauko na tsaya a gari na sayi takalmin hawan dutse. Rangwame aka yi.