Mu Muka Sare Dashen Pak Cik, Mu Za Mu Mayar

Zuwa ga Shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Arewa mazauna Danau Kota da kewaye, a birnin Kuala Lumpur,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara, da fatan rubutun digirinka yana tafiya yadda ake so. Ni ce Rabi, Maman Ilham, wadda ƙungiya ta damƙa wa yaranmu duk ranar Asabar don in koya musu karatun Hausa da abin da ya sawwaƙa na addini. Sau biyu na nemi ganinka a kan maganar lambun Pak Cik Osman, aka ce mini kana makaranta. Na tura maka saƙo, na ga alamar ka karanta, ba ka amsa ba. Tunda a zauren waya na ƙungiya ka sanar da hukuncinka kowa ya gani, ni ma a nan zan amsa maka.

Saboda waɗanda suka zo kwanan nan, bari in faɗi abin da ake magana a kai. A bayan benayenmu, inda titi ya ƙare, akwai wani tudu. Gindinsa lambu ne, samansa kurmi. Na wani dattijo ne Bamalaye da kowa ke kira Pak Cik Osman, kamar mu ce Kawu Usman, kuma gadon mahaifinsa ne. Duk filayen da ke kewaye da shi an sayar an yi benaye, shi kaɗai ya rage. Masu gine-gine ba su daina yi masa sallama ba, 'ya'yansa kuma sun fi son a sayar. Shekarun baya wasu maƙwabta suka haɗa kai, Malaye da 'yan China da Indiyawa, suka yi alkawari da shi na sa kai. Su za su noma gindin tudun, su dasa itatuwa a inda kurmin ya zaizaye, shi kuma ba zai sayar ba muddin ana kula da wurin. Babu dokar da ta tilasta masa. Duk shekara idan durian, ɗan itacen nan da ake ji da shi a ƙasar nan, ya ƙare yakan tara 'ya'yansa, su zagaya wurin, sannan ya sabunta alkawarin. Sharaɗinsa guda ne: kada ya ga fangali ko ɗaya an bar shi ga ciyawa.

Shekara biyu ke nan da na je na roƙa aka ba mu fangali bakwai. Muka shuka yakuwa da rama da kuɓewa da lalo, muka dasa zogale a gefe. Babu gidan ɗan Arewa a Danau Kota da bai ci miyar wannan lambun ba, har 'yan'uwanmu na unguwar Sentul ana kai musu.

Na farko, abin da ya faru.

Asabar ta biyu bayan ƙaramar Salla masu kula da wurin suka kira aikin gayya. Ni na kawo sanarwar, ni na roƙi maza su fito, don kullum mata da yara ne kawai ke zuwa. Kuka fito kuwa, mutum tara, Allah ya saka da alheri. An ce ƙarfe takwas, ku kuka tafi tun bayan Asuba da addunan da kuka saya, don a zo a tarar 'yan Arewa sun gama aikin. Kuka ga sarƙaƙiya tsakanin lambu da kurmi, da ƙananan itatuwa a cikinta, kowanne an ɗaura masa jan ƙyalle. A garuruwanmu idan aka sa wa abu jar alama, rushe shi za a yi. Manominmu kuma ba ya iya ganin daji a bakin gona ya wuce. Kuka yi sassabe irin na gida, kuka bi jan ƙyalle ɗaya bayan ɗaya, kuka tara a gefe kuna jiran ya sha iska a sa wuta.

Waɗannan itatuwan dashe ne. 'Ya'yansu aka tsinto a cikin kurmin, aka rene su a leda, aka dasa, aka yi shekara uku ana lallaɓa su. Sarƙaƙiyar da gangan aka bar ta don ta yi musu inuwa. Jan ƙyallen kuma alama ce ta kada a taɓa.

Ina da nawa laifin, kuma ba zan ɓoye shi ba. Na san ma'anar ƙyallen, yaran ajina ma sun sani, don da hannunsu suka ɗaura wasu. Bai zo mini a rai in gaya muku ba. Na ɗauka za mu haɗu a can ƙarfe takwas a raba aiki. Wannan sakacin nawa ne, na kuma faɗa wa Pak Cik haka a ranar.

Na biyu, abin da ka yi bayan nan.

Ranka ya daɗe, kana cikin mutum taran nan. Ba zato nake yi ba. Kai ka sa hotonka a zauren nan da safiyar ranar, da adda a kafaɗa, wando a naɗe, ka rubuta a ƙasa cewa yau za a ga noman Arewa. Muka yi ta tura maka barka da aiki. Da rana ta yi, labari ya bayyana, hoton ya ɓace. Bayan kwana biyu Kak Zaleha, matar da ke jagorantar masu sa kan, ta kira ka a matsayinka na shugabanmu. Ka ce mata ƙungiya ba ta da masaniya, wasu ne suka yi gaban kansu. Ita ta gaya mini, tana tambayata ko na san su waye. Na rasa inda zan sa fuskata.

Daga nan sai sanarwarka ta fito. Kada wani ɗan ƙungiya ya sake taka wurin. Wanda ya je za a cire sunansa. Ni kuma, idan na sake kai yara, za a karɓe ɗakin taron da ƙungiya ta samo mana muke karatun Asabar.

Kai ka tafi kafin Pak Cik ya iso, don haka ba ka ga abin da muka gani ba. Bai yi faɗa ba, bai kira 'yan sanda ba. Ya tsaya yana kallo, sannan ya durƙusa yana kwance ƙyallayen daga rassan da aka sare yana sa su a aljihu. Dattijon da ya isa ya haife mu, gwiwarsa ma ba ta da lafiya. Da ya gama sai ya tambaye ni ko waɗanda suka yi aikin nan manoma ne. Na ce ƙwarai, 'ya'yan manoma ne. Ya ce ai ya gani, sara ɗaya suke yi. Sai ya ce, “To su zo su dasa mana. Hannun da ya iya sara haka ya iya haƙa rami.” Iyakar abin da ya nema ke nan. Bai yi maganar diyya ba, bai nemi a rubuta sunan kowa ba. Yau mako huɗu, ko mutum ɗaya cikin taran bai koma ba.

Na uku, maganar biza.

Hujjarka ita ce mu baƙi ne, takardar karatu ce ta zaunar da mu, kada rigimar fili ta kai kunnen makaranta ko masu ɗaukar nauyinmu a gida. Na san wannan tsoron. Ni ma da bizar karatu nake zaune, mijina ma haka, kuma duk shekara sai mun je sabuntawa. Amma wace rigima? Ba zanga-zanga muke yi ba, ba mu ɗaga allo a titi ba, ba mu kai ƙarar kowa ba. Mutum ne ya buɗe mana filinsa muka shuka yakuwa. Na je ofishin ɗaliban waje na makarantarmu na tambaya da bakina ko an hana ɗalibi aikin sa kai a unguwarsa. Matar ta ce “boleh”, ma'ana babu laifi, har ta tambaye ni ko muna da zogalen sayarwa.

Idan akwai abin da zai ɓata mana suna, to wanda muke yi yanzu ne. Mun sha jin yadda ake kallon ɗan Najeriya a garin nan. Wanda ya taɓa neman gidan haya ya ji an kashe waya da zarar ya faɗi ƙasarsa ya san abin da nake nufi. A lambun nan ne kawai na ga maƙwabtanmu suna kiranmu da sunayenmu. Yanzu abin da suka sani shi ne mun yi ɓarna, mun musa, mun gudu.

Na huɗu, yaran.

Ka san halin da muke ciki da su. Ka yi musu Hausa su amsa da Turanci, ka matsa su koma Malayanci. Na yi shekara guda a ɗakin taron nan ina fama da allo da alli, suna hamma. Da muka fara zuwa lambu na kafa doka: duk wanda zai riƙe fartanya sai ya nema da Hausa. A wata biyu suka san kunya da fangali da dashe da banruwa. Hanifa, 'yarka ta tsakiya, wadda ba ta taɓa haɗa mini jimla ba sai na ja ta, ita ce ta taho da gudu wata safiya tana ihu, “Malama, kuɓewata ta fito!” Babu wanda ya gaya mata yadda za ta faɗa. Ita ce kuma ta fi kowa tsiya idan birai suka sauko, tana cewa ɓarayi ne marasa kunya, Pak Cik yana dariya yana cewa sun riga ta zuwa unguwar.

Yaran nan sun san wanda ya sare dashen. Sun ga hoton kafin a goge. Makon jiya wata a cikinsu ta tambaye ni me ya sa idan su suka fasa abu nake sa su ba da haƙuri. Sai na ce a buɗe littafi. Shekara goma sha biyu na yi ina koyarwa a gida kafin in zo nan, ban taɓa kauce wa tambayar yaro irin ranar ba, kuma ba zan sake ba.

Na biyar, kuma shi ya sa ban iya jira ba.

Durian ya kusa ƙarewa. A ƙarshen watan nan Pak Cik zai tara 'ya'yansa. Ka san ruwan ƙasar nan, ciyawa ba ta jiran kowa. Na leƙa ta bayan shinge ranar Laraba, fangalinmu bakwai sun koma daji, yakuwa ta nutse ba a ganinta. Sama da su kuma ga filin da kuka share, ruwa ya fara cin ƙasarsa yana gangarowa ja. Kak Zaleha ta ce babban ɗan Pak Cik ya zo ya ɗauki hotunan wuraren biyu. Ba na ganin laifinsa. Ya daɗe yana gaya wa mahaifinsa cewa maƙwabta za su gaji su watse, ga shi mun ba shi shaida. Sauran masu sa kan sun so su nome mana, Pak Cik ya hana. Ya ce yana so ya ga ko masu fangalin za su dawo.

Idan aka sayar da tudun nan, ba a sake samun irinsa. Mu za mu gama karatu mu kwashe kayanmu mu koma Kano da Katsina da Gusau, mu bar mutanen unguwa da bene a inda kurminsu yake.

Don haka ga abin da nake roƙo.

Ka janye sanarwar nan a zauren da ka sa ta. Ka kira Kak Zaleha ka gaya mata gaskiya, cewa mu ne, kuma kuskure ne. Ka jagoranci mutum takwas ɗin nan ku je ku gaida Pak Cik, ku haƙa ramukan. Akwai dashe a leda a ƙarƙashin rumfarsa, sun isa dasawa. Aikin safiya biyu ne ga mutane irinku.

Ga kuma abin da ni zan yi, ko ka janye ko ba ka janye ba, don kada a ce na yi a ɓoye. Asabar mai zuwa da ƙarfe bakwai zan tsaya a ƙofar benenmu da fartanyata. Gidaje shida sun riga sun ba ni izinin tafiya da yaransu, uba da uwa, kuma ba zan ɗauki yaron da iyayensa ba su yarda ba. Matan gidajen nan ma za su zo. Za mu fara da nome fangalin, sannan mu hau haƙa. Ban taɓa haƙa ramin dashe a kan tudu ba, zan koya. Idan ka karɓe ɗakin taro, makullin yana wurin mai gadi tun yau, ba sai an aiko a karɓa ba. Pak Cik ya ce mu yi karatu a rumfarsa, ya ma sa an gyara benci. Idan kuma ka cire sunana, ina nan 'yar'uwarku. Duk wadda ta haihu za ta gan ni da tukunyata kamar kullum.

Ranka ya daɗe, ban rubuta wannan don in tozarta ka ba. Kai ka tarbe mu a filin jirgi ranar da muka sauka ba mu san kowa ba, kai ka samo mana gidan da muke ciki. Ban manta ba, kuma saboda haka nake sa ran za ka iya wannan ma. Mai yiwuwa mu dasa duka, 'ya'yan Pak Cik su rinjaye shi ya sayar. Filinsu ne, ikonsu ne. Amma ranar da za su zagaya wurin, ina so su tarar da mu a ciki muna aiki.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sauƙaƙa maka karatunka, ya raya maka zuri'a, ya ba ka ikon yin abin da ya dace. Allah ya ba Pak Cik Osman tsawon rai, ya yafe mana abin da muka yi masa bisa kuskure.

Wassalam.

Taka a kullum,
Malama Rabi, Maman Ilham,
Danau Kota, Kuala Lumpur.