Sa Hannu Ɗari da Hamsin da Ɗaya

Litinin, 4 ga wata

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Inna tana nan lau, ƙafar ce dai ke ɗan taɓa ta.

Kin tambaye ni a waya wa nake ganin zai ci zaɓen fid da gwani na shugaban ƙasa a jam'iyyarmu, na ce ki bari in rubuto. Kin san halina, a waya sai in ce e, in wuni ina tunanin a'a ya kamata in ce. Tambayar kuma ba ta wasa ba ce, tunda mutanen Likita, ɗaya daga cikin 'yan takarar, sun yi miki tayin jagorantar mata a kamfen ɗinsa, kuma sai kin ajiye aikin gwamnati kafin ki karɓa. Shekara goma sha shida da alli a hannu ba abin yarwa ba ne a kan jita-jita.

Ga abin da idona ya gani. Duk ɗan takarar da ya zo neman wakilan yankinmu, a zauren taron da nake kula da shi yake ganawa da su. Ni ke jera kujeru, ni ke kwashewa, kuma komai ina rubutawa a littafina. Wakilanmu ɗari da tamanin ne, har da ni.

Tsohon Minista ya zo ranar da aka yi ruwa. Kujera tamanin da bakwai aka zauna. Ya yi magana awa ɗaya da kwata, aka yi tafi sau huɗu, biyu daga ciki mutanensa ne suka fara. Attajiri bai zo ba tukuna, fastocinsa ne suka riga shi, sun rufe mini har ƙofar banɗaki. Ranar Likita kuwa sai da na aro benci daga makarantar da ke bayanmu. Minti ashirin ya yi, bai duba takarda ba. Da ya gama aka zagaya da rajistar alkawarin ƙuri'a, wakili ɗari da hamsin da ɗaya suka sa hannu. Ni na yi musu kwafi a injin ofis, na ƙirga sau uku.

A ganina Likita ne a gaba. Sai dai da sauran wata huɗu, kuma yanki ɗaya kawai na gani. Ki riƙe wannan a ranki.

Ki gaida maigidan. Allah ya sada mu da alheri.

Naki,
Yayanki

*

Asabar, 9 ga wata

Yayana mai ƙirge,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ka. Ka ce wa Inna ta daina ɓoye maganin ƙafarta a ƙarƙashin katifa, na san ba ta sha.

Wasiƙarka ta zo, na karanta wa maigidan, ya yi dariya har da hawaye. Ya ce a duk duniya kai kaɗai ne za a tambaya wa zai ci zaɓe ka kawo lissafin benci. Amma da ya ji ɗari da hamsin da ɗaya, sai ya ce, "In Yaya ya ƙirga sau uku, ai magana ta ƙare."

Ni ma haka na gani. "Sai dai" ɗinka kuwa na tsallake shi, don ko ruwa ka ba mutum sai ka ce sai dai bai yi sanyi sosai ba.

Jiya na miƙa takardar ajiye aiki. Shugaban makaranta ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malama, siyasa kuma? Yaran aji biyar ɗin ba su ishe ki rigima ba?" Ya ce zai ajiye ta a aljihun tebur mako biyu kafin ya tura hedikwata, ko zan dawo hayyacina.

Yaya, na gaji da koyar da yara saba'in a ɗakin da rufinsa ke yoyo. Ina so in zauna inda ake yanke magana, ko sau ɗaya ne.

Taka,
Auta

*

Laraba, 20 ga wata

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum, da fatan kowa yana lafiya. Ki yi haƙuri, gaisuwar yau gajera ce.

Ki je ki karɓo takardarki kafin ta bar aljihun tebur. Na yi kuskure.

Ranar Lahadi Attajiri ya zo. Zaure ya cika, aka zagaya da rajista, ɗari da arba'in da takwas suka sa hannu. Jiya Tsohon Minista ya dawo, rana tas babu ruwa, shi ma ya samu ɗari da talatin da tara. Da na kwashe kujeru sai na shimfiɗa kwafin rajistar uku a kan tebur, na bi su da rula layi-layi. Alkawari ɗari huɗu da talatin da takwas, daga mutum ɗari da tamanin. Sunaye iri ɗaya, sa hannu iri ɗaya.

Da safe na tare Tela, wakilin unguwar kasuwa, a bakin shagonsa. Na ce, "Tela, ba kai ne ka miƙe tsaye ka yi wa Likita rantsuwa ba?"

Ko ƙafa bai ɗaga daga keke ba. Ya ce, "Sarkin kujeru, mutum ya taso daga nesa ya miƙo maka biro a gaban jama'a, sai ka kunyata shi?"

Na ce, "To ranar zaɓe fa?"

Ya ce, "Ranar zaɓe ni kaɗai zan shiga. Ko da kai za mu shiga?" Masu jiran ɗinki suka kwashe da dariya. Sannan ya tsayar da keken ya ce, "Kai da kake tuhumata, duba layi na goma sha bakwai."

Ban buƙaci dubawa ba. Sunana ne, a rajistar ukun. Duk ranar da takarda ta iso kaina, sai in ga ana kallona, in sa hannu in miƙa gaba, in ce wa kaina ai ni mai masauki ne. Na ƙirga mutum ɗari da hamsin a matsayin masu cika alkawari, alhali na san na ɗari da hamsin da ɗayan, wato ni, bai yanke shawara ba. Na duba littafina tun daga farko. Kujeru na rubuta, da tafi, da mintuna. Babu inda na rubuta abin da wani ɗan takara ya faɗa.

Ban ce Likita zai faɗi ba. Cewa nake ban sani ba, kuma ranar da na rubuto miki ma ban sani ba. Da sauran kwana biyu a wa'adin shugaban makaranta. Don Allah ki je, ki kuma yafe mini.

Naki,
Yayanki

*

Lahadi, 24 ga wata

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya.

Shugaban makaranta zai yi tafiya, sai ya tura takardar tun ranar Litinin. An riga an buga mata hatimi. Na yi kukana na share. Kada ka hana kanka abinci a kai, ni na sa hannu ba kai ba.

Jiya na fara aiki a ofishin Likita. Sun ba ni jerin wakilai, in bi su ɗaya bayan ɗaya in ji gaskiyar inda kowa ya tsaya. Na ce a ba ni yankinku. Na gama da mutum goma sha shida.

Yaya, wa za ka zaɓa? A waya nake son amsar, ba a takarda ba.

Ka gaida Inna.

Taka,
Auta