Babban Yatsan Baba

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya aiki? Mu ma muna nan, gwargwadon hali.

Jikin Baba yana nan yadda ka bar shi. Ɓarin dama ba ya motsi, baki bai buɗe ba. Da safe in goge masa jiki, in ba shi magani, in juya kujerarsa ta fuskanci taga. Komai ina yi a kan lokaci, amma ba na jin komai, Yaya. Tausayin ma kamar ya ƙare mini.

Likitar da ke koya masa magana ta sa mini wani wasa a waya, irin na intanet, makin yana zuwa mata kai tsaye. Kacici-kacici ne, ina karanta masa, shi kuma ya taɓa amsa a allo. Ta ce da shi za ta gane ko yana fahimtar magana. Har yau bai ci ko ɗaya ba. Sai ya daɗe yana kallo, ya ɗora babban yatsa, wayar ta yi ƙara ta ce ya faɗi. Ni kuma in shafa kafaɗarsa in ce ba komai.

Likitar ta ce in aka ci gaba a haka za ta ba wani gurbinsa, masu jira suna da yawa. Kai ma ranar da za ka tafi ka ce a daina wahalar da shi da zirga-zirgar asibiti. Ban yi musu da ita ba, kai ma ba zan yi da kai ba.

Ka gaida mutanen gida.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Ya zazzaɓin ƙaramar taku? Allah Ya ƙara sauƙi.

Kada ka ce Auta ta fara zarewa, ka karanta har ƙarshe.

Akwai wata tambaya da wasan yake ta maimaita mana. Mutum uku suna wasa tare ta intanet, kwamfutar ɗayansu ta tsaya cak, ta kashe wa kowa wasan. Mai jar riga ya ce ba tasa ba ce. Mai koriyar riga ya ce ta mai ja ce. Mai shuɗiyar riga ya ce shi ma ba tasa ba ce. Ɗaya ne kawai ya faɗi gaskiya, sai a nemo mai kwamfutar. Kullum Baba mai ja yake taɓawa, kullum a ce ya faɗi.

Jiya ina jiran shanya ta bushe, don rashin abin yi na zauna na warware ta da kaina. In ta mai ja ce, mutum biyu sun yi gaskiya, ka ga ba ta yiwu ba. In ta mai koriya ce, haka nan. Saura mai shuɗiya. Sai na lura ni ma da mai ja na fara, shi na soma cirewa.

Ka tuna teburinsa na gyaran rediyo? Yakan baje kayan ciki a jere a tire, ya bi su yana gwadawa. Duk wanda ya samu lafiya sai ya danne shi da babban yatsa ya ture gefe. Wanda ya rage shi ne mai laifi, shi ba ya taɓa shi, tiren yake tura wa mai rediyo ya gani da idonsa. Kai da ka sha ranƙwashi a shagon nan ka fi ni sani.

Na ɗauki hoton tambayar, yadda ko ya taɓa ba abin da zai faru, na ajiye masa a cinya. Ya danne mai ja. Ya jira ƙarar, ya ji shiru, ya ɗago ya dube ni. Ya danne mai koriya. Sannan ya turo mini wayar da hannun hagu, mai shuɗiya bai taɓa shi ba. Na gwada shi da wata tambayar, na ƙara da wata. Duk ya ci.

Na zaci zan yi kuka. Ban yi ba, na je na kwashe shanya na ninke.

Gobe zan kai shi ya yi a gaban likitar, kuma ba zan saki gurbin nan ba. In kana da magana ka zo ka faɗa, amma ka sani yana ji. A gabansa muka yi zancen a daina kai shi. Tun da aka fara wasan nan wayar take ce masa ya faɗi, ya san bai faɗi ba, ba bakin musu, ni kuma ina tsaye a kansa ina cewa ba komai, Baba, ka yi ƙoƙari.

Ɗazu na durƙusa zan ba shi haƙuri. Sai ya kamo hannuna ya ɗora a cinyarsa, ya danne shi da babban yatsa, ya ture gefe a hankali. Ka san wanda yake yi wa haka a tebur, wanda ya gwada ya ga ba shi da laifi.

Ka gaida Anti da yara. Ka zo, Yaya.

Ƙanwarka,
Auta