Tambayar Ƙarshe Zuwa Tsibirin Lomskar

Ofishin Tattara Kalmomi, Agusta 1974

Zuwa ga Uwargida Hulda Westerlund,

Bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan kina lafiya. Ga tambayar wannan karo, ita ce kuma ta ƙarshe, domin ƙamus ɗin maganar mutanen gaɓar teku ya iso harafin ƙarshe.

Kalmar ita ce ido, wadda a harshenmu da harafin ƙarshe take farawa. Tsohuwar kalma ce ƙwarai, mu da maƙwabtanmu na kudu duk wuri guda muka gaje ta. Da farko idon da ke kai kawai take nufi, daga baya masu sana'a suka ara, kowa ya laƙaba wa wani rami ko ɗigo na aikinsa. Ina roƙon ki rubuto duk abin da mutanen tsibirinku ke kira ido, gaba ɗaya a takarda guda. Maɗaba'a na jira.

Mun gode da amsoshinki na tsawon shekaru.

Naki cikin ladabi,
Torvald Rehn

*

Lomskar, Agusta

Malam Torvald, ɗan birni,

Gaisuwa mai yawa. Lafiya lau nake, in ban da gwiwa, ita kam ta riga ni tsufa.

Wai gaba ɗaya a takarda guda! Kai a zatonka kalmomi a tulu nake ajiye su, in ka ce zuba sai in tuntsurar? Sai na tuna tukuna. Ga ɗaya: ramin gatari, inda ƙota ke shiga, ido muke ce masa. Marigayi Algot, mijina, in ƙota ta yi sako-sako sai ya kwantar da gatarin cikin ruwa, ya ce idon ya sha ya ƙoshi.

Takardarka ta kawo mini Sixten, mai jirgin ruwan gidan waya. Ka san dokarsu: jirgi ba ya tsayawa a tsibiri sai da wasiƙar da zai sauke. Tun da mutanen gidan arewa suka tashi ni kaɗai na rage a nan, mai rubuto mini kuma kai kaɗai ne. Na dafa masa kofi, na ce zauna mana.

Ya ce, "Inna, man jirgin nan na gwamnati ne."

Na ce, "Kofin kuma nawa ne, sha ka ba ni labari, rowar baki ba kyau."

Ya shanye har da neman ƙari, ja'iri. Daga shi na ji an rufe makarantar tsallake.

In ka amsa wannan, wataƙila in tuno wata. Ka huta lafiya.

Hulda

*

Ofishin Tattara Kalmomi, Oktoba

Zuwa ga Uwargida Westerlund,

Bayan gaisuwa. Na karɓi idon gatari, da kafar allura, da maɗaukin bakin igiya da masunta ke saƙawa, da tsiron dankali. Kowanne ya zo shi kaɗai a ambulan ɗinsa. Ƙa'idarmu ce duk amsar da ta iso a mayar da godiya a rubuce, na kuwa mayar, ban tsallake ko ɗaya ba.

Amma shugabanmu ya kira ni. Ya ce, "Rehn, tsohuwar nan wasa take da kai, ko kai ne ke wasa da mu?" An yanke cewa ƙarshen watan nan za a rufe ƙamus ɗin, abin da bai iso ba ba zai shiga ba. Daga ranar ba ni da izinin aika takarda da kan sarkin ofis. Ni ma a ranar zan ajiye aiki, shekaru sun cika.

Na so in ce wani abu game da dankalin. Mahaifiyata ma haka take cewa, ta zauna tana ƙwaƙule idanun da tsinin wuƙa. Na manta da wannan sarai sai da na karanta takardarki. Na daɗe zaune kafin in cika katin kalmar.

Don Allah ki aiko da sauran.

Naki cikin ladabi,
Torvald Rehn

*

Lomskar, Nuwamba

Malam Torvald,

Ina gaishe ka, ko da yake ban san ko kana nan ba. Ofis na aika, su san yadda za su yi da ita.

Katin godiyarku na ƙarshe ya zo, bugun inji, ko sa hannunka babu. Haba Malam! Shekara da shekaru ina kwashe maka maganar matattunmu, sallamar ke nan?

Tun daga ranar jirgi bai ƙara tsayawa ba. Ina jin ƙararsa daga nesa, in sa mayafi in gangara bakin ruwa. Sixten ya busa ƙaho, ya ɗaga hannu, ya wuce. Ban ga laifinsa ba. In koma in juye kofin mutum biyu cikin tulu. Jiya na kama kaina ina yi wa murhu magana, har da jiran amsa. Kaɗaici ya ishe ni, ban iya ɓoyewa.

Ɗana Rune ya daɗe da kafa mini sharaɗi: muddin jirgi na tsayawa, akwai mai ganin ko ina motsi, zai bar ni. Ran da ya daina, sai gidan tsofaffi a birni. Shi ya sa ko kati ba ya aiko mini, wayo gare shi kamar ubansa. Labari ya kai masa. Ya zo da jirgin haya, ya ce in ɗaure kayana, zai dawo kafin teku ta daskare.

Na ce, "Kabarin ubanka fa, wa zai share?"

Ya ce, "Mama, matattu ba sa faɗuwa a kan ƙanƙara."

To ga sauran, tunda riƙon bai da amfani yanzu. Ramin tsakiyar dutsen niƙa, inda ake zuba hatsi. Wurin da iska ke lafawa a tsakiyar guguwa, masu jirgi sun san shi. Akwai wasu, amma hannuna ya gaji. Ka sa su inda ka ga dama.

Allah ya ba ka hutu mai daɗi. Ina fata kai kana da mai buga maka ƙofa.

Hulda

*

Daga ɗakina, Disamba

Inna Hulda,

Ina gaisuwa. Sai yau takardarki ta iso ni, ta yi ta yawo a ofis. Ba ni da mai buga ƙofa.

Ban taɓa rubuta wa kowa wasiƙar da babu tambayar aiki a ciki ba, ban san yadda ake yi ba. Na dai je gidan waya na sayo kan sarki, mai yawa, har yarinyar da ke sayarwa ta tambaye ni ko biki zan yi. Duk mako za ki ga wasiƙa ɗaya.

Ban sani ba ko Rune ya riga ni. An ce mini in aika gidan tsofaffi, ya fi tabbas. Na ƙi. Lomskar na rubuta a bayan ambulan, da manyan baƙaƙe.

Dole jirgin ya tsaya.

Naki,
Torvald