Agogon Yana Hannuna

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Yaya gwiwar nan taki, tana barin ki ki yi barci? Yaya Kawu da mutanen gidansa? Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda alhali shekaranjiya muka yi waya. Kunnen Auta ne ya jawo. Ɗakinmu ɗaya, kuma tun da Allah ya karɓe mata gani ya ninka mata ji. Ko banɗaki na shiga da wayar na saki famfo, ina fitowa za ta tambaye ni me ya sa na ce miki kaza. Takarda ce kaɗai ba ta iya ji.

Inna, ba ni da lafiya, amma kar hankalinki ya tashi, ba ciwon kwanciya ba ne. Wata uku ke nan ina jin jikina kamar an zare mini laka. A shagon wanki da guga, labule ɗaya zan ɗaga in rataye sai in ga duhu-duhu. Matakalar gidanmu ashirin da biyu ce. Da a guje nake hawa, yanzu sai na tsaya a tsakiya ina lalube a jaka kamar mai neman makulli. Ga wata jaraba ta cin ƙanƙara. Mai shagonmu ta kama ni a gaban firij ina ta ƙarus-ƙarus, ta ja fatar idona ƙasa ta ce, "Ke, wannan ai fari ne fat. Ajiye dutsen gugar nan ki wuce asibiti."

An ɗebi jini. Likitar ta ce ƙarancin jini ne, sinadarin ƙarfen da jiki ke haɗa jini da shi ya ƙare, har rumbun ajiyar an share shi tas. Ta tambaye ni al'adata, na ce kwana tara take yi, kuma kamar da bakin ƙwarya. Ta ce tun yaushe? Na ce tun ina makaranta, na ɗauka haka kowace mace take.  Ta ba ni ƙwaya iri biyu, ɗaya ta rage zubar, ɗaya ta ƙarin jini, ta ce sai na yi wata uku zuwa shida ina sha. Tafiya an yarda, 'yar sassarfa ba laifi, gudu mai ƙarfi kuwa ta ce in manta da shi tukuna.

To nan ne gizo ke saƙar. Gasar kilomita goma saura mako bakwai, kuma shekara biyu Auta ta yi tana shirinta. Mai horar da mu ya ce duk makauniyar da ta gama ƙasa da minti hamsin za a ɗauke ta cikin tawagar ƙungiya. Kin san ba ta taɓa gudu da kowa ba sai ni. Igiyar nan gajera, baki ɗaya a hannunta, ɗaya a nawa, ina ce mata ga rami, ga kwana, ga tudu. Da ni ke rage sauri saboda ita. Yanzu ita ke ja na kamar akuyar da za a kai kasuwa.

Na ce mata mura ce ta ƙi sakina. Don Allah kar ki gaya mata. Zan sha maganin yadda aka ce, mako bakwai ai ba kwana bakwai ba ne.

A gaida kowa da kowa. Ki sa ni a addu'a.

'Yarki,
Barewa (in dai sunan bai fi ƙarfina ba yanzu)


Innata,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso ranar Talata, na karanta ta a shago. Na ji daɗi da gwiwar ta yi sauƙi. Kin ce in gaya wa Auta tun kafin ta ji a bakin wani. Da ma na bi maganarki a ranar.

Bari in fara da ƙwayar ƙarin jinin, ita ce mai sauƙin faɗa. 'Yar ƙarama ce ja, amma ba ta da mutunci. Bakina kullum kamar na tsotsi ƙusa. Cikina ya ɗaure, sai in kwana uku ban zaga ba. An hana ni shayi kusa da lokacin shanta, wai yana hana ta shiga jiki, ni da ba na gane gabas da safe sai na sha kofi biyu. Hantar da kike fama da ni in ci ina yarinya, yanzu da ƙafata nake zuwa wurin mahauci nemanta. Duk da haka mako uku cur ban ga wani canji ba. Jiya wani tsoho mai sanda ya wuce ni a hawan gadar kusa da shago, har ya juyo ya yi mini sannu.

Akwai abin da ban rubuta miki ba a waccan takardar, don kunya. In muna gudu, agogon yana hannuna. Duk kilomita ɗaya ni ke gaya wa Auta minti nawa muka yi. Tana bukatar biyar. Da jikina ya fara gazawa, wata rana agogo ya nuna biyar da daƙiƙa arba'in, na ji bakina ya ce, "Biyar da biyar." Ta yi murmushi, ta matse igiyar don murna. Washegari na sake. Wata biyu na yi ina yi, Inna. Wani lokaci takan ce, "Yaya, yau kamar ban gaji ba," sai in ce ai ƙarfi ta ƙara. Kullum ina gaya wa kaina mako mai zuwa zan dawo daidai, in cike giɓin ba wanda ya sani.

Ranar Asabar mai horarwa ya zo fili da nasa agogon, ya ce mu yi kilomita biyar ya gani. Na yi iya yina, har ina jin zuciyata na bugawa a cikin kunnuwana. Muna tsayawa, kafin in iya ɗaga kai, ya ce da ƙarfi, "Ashirin da takwas da rabi. Me ya same ku?" Auta ta yi dariya ta ce agogonsa ya lalace, ai kullum ashirin da biyar muke yi. Ya kalle ni. Ina duƙe, hannuwana a gwiwa, na kasa cewa uffan. Shirun nawa ne ya gaya mata.

Muka shiga mota muka koma gida, muka hau matakala. Sai da ta cire takalmi ta ce, "Tun yaushe?" Na gaya mata komai, da asibitin, da ƙwayar da nake ɓoyewa a cikin gwangwanin allura. Ta ce, "Da kin ce ba ki da lafiya, da ni zan kai ki asibitin da sandata. Ke ce idona, Yaya. In ido ya yi wa mutum ƙarya, wa zai tambaya?"

 Kar ki kira ta ki ba ta haƙuri a madadina, tana da gaskiya.

Ki huta lafiya.

'Yarki,
Barewa


Inna,

Ina gaisuwa. Ina fatan ke da kowa kuna lafiya. Na gode da ba ki yi mini faɗa a waya ba, ko da yake shirun naki ma ya isa.

An samo wa Auta wata mai rakiya, malamar lissafi ce a wata makaranta, doguwa, mai fara'a. Na so in samu abin kushewa a jikinta na rasa, kuma wannan ya fi ba ni haushi. Ranar farko ta zo da 'yar takarda ta ce in koya mata yadda nake sanar da kwana. Na ce mata ai kwana kwana ce. Ta ce to, ta gode. Na kwana ina jin nauyin abin, da safe na cika mata shafi biyu: Auta ba ta son a taɓa mata kafaɗa, tana son a ƙirga mata taku uku kafin tudu, in ta yi shiru ƙwarai to ta gaji ne. Ina rubutawa ina jin kamar kayan ɗakina nake rabarwa.

A gida kuwa daga "sannu" sai "na gode". Abin da ya fi yi mini ciwo, shekaranjiya ta ɗauki gyale biyu ta fita ta ƙwanƙwasa wa maƙwabciya ƙofa, ta tambaye ta wanne ne shuɗi. Ina zaune a ɗakin, Inna.

Sai shaiɗan ya raya mini dabara. Na ce in ƙwaya ɗaya tana tafiyar hawainiya, biyu za su yi sauri. Na ninka. Kwana huɗu ina amai a bayan shago. Ranar Laraba da la'asar na ɗaura takalmi na bi titin bayan shago ni kaɗai, na ce yau ko ni ko jikin nan. Kilomita ɗaya lafiya. A na biyu ƙafafuna suka zama kamar buhunan yashi, amma na ƙi tsayawa. Ban san sadda na kai ƙasa ba. Na farfaɗo a gaban rumfar mai faci, yana yi mini fifita da kwali yana cewa, "Baiwar Allah, wa ya biyo ki?" Na ce ba kowa. Ya ce, "To gudun me kike?"

Likitar ba ta yi mini da sauƙi ba. Ta ce jini ba tankin mota ba ne da za a cika a tsaye, kuma ninka ƙwayar nan na iya yi mini illa. Awon jinin ya tashi daga takwas zuwa tara da rabi, ana son sha biyu, rumbun kuwa har yanzu wayam. Mako biyar ina cin hanta a kan ɗaya da rabi! Na fito ina kuka don takaici.

Da na dawo, Auta ta ji warin magani, ta kai hannu fuskata ta taɓa filastar da ke haɓata. Ta ce, "Wannan fa?" Na gaya mata yadda aka yi, ban rage komai ba. Ta ce, "Kin faɗi a titi, kin kuma faɗi gaskiya. Na biyun ya fi mini." Ta ƙwace gwangwanin ƙwayar. Yanzu ita ke ba ni ɗaya kowace safiya, da lemu, tana tsaye har sai ta ji na haɗiye.

Gasa saura mako biyu. Ki taya ta da addu'a.

'Yarki,
Barewa


Innata abar ƙauna,

Assalamu alaikum. Da fatan kin tashi lafiya, ya jikin Kawu da kika ce yana tari? Ki yafe mini jinkirin takarda. Auta ta gaya miki sakamako a waya da kalma uku, ni ce zan ba ki sauran.

Minti hamsin da daƙiƙa talatin da takwas. Ina tsaye a bayan shinge kusa da ƙarshe, na hango su sun taho, ita da Malama, igiyar ba ta ja ba ta saki. Ban taɓa ganin Auta tana gudu daga waje ba, kullum ina gefenta ina kallon ƙasa. Ashe haka take da kyau. Na yi ta ihu har muryata ta dishe, idona ɗaya a kanta ɗaya a babban agogon da aka kafa, ina gani ya cika hamsin tana sauran 'yar tazara.

Malama ta zauna a ƙasa tana kuka, Auta ce ke lallashinta. Mai horarwa ya ce da an samu ƙarin wata guda ana gudun gaske, da ta wuce har da rara. Yana faɗa ya tuna ina wurin, ya shiga gyara hularsa. Ba wanda ya ce laifina ne. Ba sai an ce ba, na iya lissafi. Wata dama sai nan da wata takwas.

Mako biyu ban ko kalli takalmina ba. Ranar Lahadin nan da safe ina kwance, sai na ji wata baƙuwar murya a ɗaki tana faɗin lokaci. Na zabura. Ashe agogo mai magana Auta ta sa abokiyar aikinta ta sayo mata, irin wanda ke auna gudu ya faɗa da baki. Na ce Allah ya sanya alheri, amma zuciyata ta yi nauyi, don na san dalilin sayensa.

Ta jefo mini takalmina a gado. Ta ce Malama kwana uku take samu a mako, kuma mai horarwa ya ce a sauran kwanakin tana bukatar gudu a hankali, irin na hutawa. Ta ce, "Ban gama hucewa ba, Yaya, kar ki ɗauka. Mai nawar gudu nake nema, kuma duk garin nan ba wadda ta kai ki." Na tambayi likita a waya, ta ce in dai zan iya magana ina yi, to an yarda.

Muka fita. Muna daidai wurin jiran mota, mutane cike, abin nan ya buɗe baki ya ce, "Kilomita ɗaya, minti takwas da daƙiƙa goma." Har wani ya juyo yana dariya. Na ce ta rage masa murya, ta ce ba ta san inda ake ragewa ba, kuma na san ta sani. Na ji kamar in tsinke igiyar in koma gida. Ƙirjina na zafi, bakina na ɗanɗanon ƙusa, ga Auta ko numfashinta bai canza ba, har tana ba ni labarin ofis. Amma na ci gaba da ce mata ga rami, ga kwana, tana bi ba ta tambaya.

Awona yanzu goma da rabi. Likita ta ce saura wata uku aƙalla, kuma har yau ina tsayawa in huta in na ɗauko labule mai nauyi. Na gaji da haƙuri, Inna, ban taɓa sanin aiki ne haka ba. Amma ranar Lahadi na yi kilomita biyu ban tsaya ba. Ba sai kin yarda da ni ba, Auta ta ce agogonta ya shaida.

Tana gaishe ki. Na karanta mata wannan takardar kafin in rufe, tun daga sallama har nan.

'Yarki,
Barewa