Takunkumin Aro

Laraba da dare, watan Agusta

Baƙin Nijar sun zo sun tafi. Wata huɗu ƙungiyarmu ta masu feshin gona tana roƙon tasu ƙungiyar su ƙetaro Mai'adua mu ƙulla zumunci. Su an koya musu yadda ake kare kai daga gubar magani, har suna da takunkumi da safar hannu na rabawa.

Tun jiya Ciyaman ya rantse baƙo ba zai ga tsiraicinmu ba. Ya aro takunkumi da takalman roba a wani shago, ya saka wa masu ƙoshin lafiya. Ni kuwa ya ce, "Sabi'u, da wannan tarin naka da hannuwanka masu saɓa, koma can wajen babura."

Na koma, ina hango su. Babbansu, wani dattijo, ya daɗe yana duban takalman nan, ko ɗigon laka babu. Wallahi na ɗauka ya gane. Sai ya ce, "Alhaji, me kuke buƙata?"

Ciyaman ya ce, "Alhamdu lillahi, sai dai addu'a."

Aka sha fura, aka yi hoto, suka mayar da kwalayensu mota ba a buɗe ba. Wai za su kai wa marasa shi.

Na so in yi magana, amma ta yaya zan ƙaryata babba a gaban baƙi?

Gobe ina da feshin wake a Zango. Na wanke tsumman da nake ɗaure hanci da shi. Allah ya sa ya bushe kafin asuba.